Ba A Zuwa Sito Mutum Ɗaya

Kai ma ka kau da kai. Kada ka yi saurin rantsuwa. A wurin aikinka, ko makarantar da ka yi, ko layin da kake zaune, akwai wani mutum da kowa ya san halinsa, akwai wata ƙofa da mata ba sa son bi ta gabanta. Ka sani sarai. Da aka yi zancen ka yi 'yar dariya, ka ce Allah ya shirya, ka ci gaba da harkarka. To zauna ka ji abin da irin wannan shirun yake haifarwa.

Wani gidan wanki ne, irin manyan nan da ke wanke wa otal-otal da asibitoci zannuwan gado da tawul. Doguwar rumfa ce mai rufin kwano. Daga bakin ƙofa injinan wanki ne a jere, suna juyi suna ruri tun safe, sai teburan guga, sai wurin ninki. Can ƙarshe, bayan tukunyar tururi, akwai wani siririn lungu da ya kai ga sito, inda ake ajiye garin sabulu da bilic da sitaci. In kana cikin lungun nan, ko ihu ka kurma ba mai jin ka a rumfa.

Mai Sito mutum ne mai fara'a. Ya manyanta, kullum rigarsa a goge, makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Ya riga kusan kowa zuwa gidan. In ɗan wata ba shi da lafiya, shi ne farkon mai tambayar ya jiki.

Matan guga kuwa suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta a ko'ina ba: ba a zuwa sito mutum ɗaya. In sabulu ya ƙare, mai bukata sai ta ɗaga murya, "Wa zai raka ni?" Wata ta tsayar da dutsen gugarta ta bi bayanta. Shekaru suna haka, ba wadda ta taɓa faɗin dalili da bakinta.

Da aka ɗauki sabuwar ma'aikaciya, ranar farko suka ga da hagu take guga, nan take suka sa mata Bahaguwa. Mace ce da ta haura talatin, mijinta ya rasu, tana zaune a gidan yayarta da ɗanta ɗan firamare. Doguwa ce mai ƙarfi, ba ta da yawan magana. Gwaggo, wadda ta fi kowa daɗewa a teburin guga, ita ta zagaya da ita.

"Nan ake ninki. Na asibiti daban, na otal daban, kada ki kuskura ki haɗa. Can kuma sito ne. Ba a zuwa mutum ɗaya."

"Me ya sa, Gwaggo?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Buhunan da nauyi."

"Nauyi kai!" in ji Rediyo, wadda ta samu sunan saboda bakinta ba ya hutawa. "Ni har yau bayana bai koma daidai ba. Ke dai ki riƙa kiran mu, 'yar'uwa. Ko ni ki kira, in raka ki da labarai kyauta."

Sauran suka bushe da dariya. Bahaguwa ma ta yi, ba tare da ta san abin da ake wa dariyar ba. Sun miƙa mata ƙa'ida, sun riƙe dalili. Su a ganinsu kunya ce, wai abin bai faɗuwa.

Bayan 'yan watanni, wata rana inji ɗaya ya tsaya cak. Aiki ya taru. Motar asibiti na jira a ƙofa, direba na ta danna hon, Manaja na leƙowa ta tagar ofis yana nuna agogo. Rana tsaka, sitaci ya ƙare a teburin Bahaguwa. Ta ɗaga kai. Gwaggo na can wurin injin da ya lalace tana kwashe jiƙaƙƙun kaya, Rediyo ta rungumo zannuwa har sun rufe mata fuska. Ta ce a ranta, ƙullin sitaci ne fa, ba buhu ba. Ko buhun ne ma, ta sha ɗaukar wanda ya fi shi. Don me za ta tsayar da mutum daga aiki a irin wannan rana? Ta tafi.

Ba zan shiga da kai lungun nan ba. Mai Sito ya rufe ƙofa da makullin da kamfani ya ba shi, ya yi mata fyaɗe, injina na ta ruri.

Rediyo ce ta fara lura da teburin ba kowa, dutsen guga a tsaye yana huci. Ta juya, sai ga Bahaguwa ta fito dafe da bango, rigar aikinta a yage daga wuya zuwa kafaɗa, leɓenta a fashe, ɗankwali a hannu. Rediyo ta saki zannuwan a ƙasa.

Ba wadda ta tambayi me ya faru. Mata biyu suka ware zanen gado suka kare ta daga idon maza masu kula da inji, aka shige da ita banɗaki. Gwaggo ta haɗa ruwan ɗumi ta wanke ta da hannunta, tana hawaye tana cewa, "Sannu 'yata. Sannu. Bari in wanke miki, duk zai fita." Rediyo ta kwashi rigar da siket ɗin ta jiƙa a bilic, ta jefa su inji tare da zannuwan asibiti, a ruwan da ya fi kowanne zafi. Wanki ne sana'arsu. Duk abin da ya ɓaci a duniya, abin da hannunsu ya sani shi ne a jiƙa, a cuɗa, a ɗauraye. Kafin a tashi daga aiki rigar ta bushe, Gwaggo ta ɗinke yagar da siririn ɗinki wanda sai ka ƙura ido za ka gani, an goge, an ninke, an sa a leda.

"Mu mun rufa miki asiri," in ji Gwaggo, tana miƙa mata ledar. "Ba mai ji a bakinmu. Amma ke ma, me ya kai ki ke kaɗai?"

Bahaguwa ta dube ta. Muryarta ta dushe. "Kun ce nauyi ne."



Yayar Bahaguwa malamar makaranta ce, ta saba karanta fuskar yara kafin su buɗe baki. Tun daga ƙofa ta ga tafiyar ƙanwarta. Ta tura ɗan ƙanwar tata gidan maƙwabta, ta rufe ɗaki, ta zauna a ƙasa kusa da ita har maganar ta fito da kanta, guntu-guntu. Ba ta ce me ya sa kika je ba. Cewa ta yi, "Akwai wata cibiya a bayan babban asibiti, don irin wannan aka buɗe ta. Wata abokiyar aikina ta taɓa kai ƙanwarta. Ba dole nake miki ba. Amma in kin yarda, gara mu je yanzu da sauran rana."

A cibiyar aka shigar da su wani ƙaramin ɗaki mai labule, da gado ɗaya da kujeru. Nas ɗin, dattijuwa mai furfura, ba ta taɓa ta ba sai da ta nemi izini, kuma duk inda za ta duba sai ta sake tambaya. Ta ba ta maganin kariya daga cututtuka da na hana ɗaukar ciki, ta ce sun yi kyau da suka zo da wuri, don irin waɗannan magunguna ba sa jiran mutum. Ta rubuta raunukan da ta gani a wuya da hannuwa. Sannan ta tambayi kayan da ke jikinta lokacin.

Yaya ta miƙa ledar. Nas ta buɗe, ƙamshin bilic da sitaci ya cika ɗakin. Ta ɗaga rigar, karin guga a miƙe kamar wuƙa.

"Wa ya wanke?"

"Abokan aikina."

"Har da ɗinki." Nas ta bi ɗinkin da yatsa. "Sun iya aiki kam."

"Na ɓata komai ke nan?"

"Ke ba ki ɓata komai ba, 'yata. Da an kawo ta yadda take, da ta yi magana a madadinki. Da ba a yi miki wanka ba, da na samu abin da ya fi wannan. Amma ba a nan magana ta ƙare ba."

Lauyar cibiyar matashiya ce, ta shigo ta jawo kujera har gwiwarsu ta kusa haɗuwa.

"Za ki iya kai ƙara wurin 'yan sanda. In kin zaɓi haka, da ni za ki shiga, ba ke kaɗai ba. Za ki iya kai kuka wurin shugabannin aikinki, ko ki yi duka biyun. In kuma yau barci kawai kike so, ki je ki kwanta. Abin da Nas ta rubuta yana nan a ajiye har ranar da kika shirya. Akwai kuma wata a nan da aikinta shi ne ta zauna ta saurare ki, ko kin kai ƙara ko ba ki kai ba."

"Ke me kika gani, Anti?"

"Zan gaya miki wahalar kowace hanya, ba zan ɓoye ba. Amma zaɓin naki ne. Yau an riga an yi miki abu ba da yardarki ba, mu ba za mu ƙara ba."

Bahaguwa ta dubi rigar da ke kan tebur. Ta ce duka biyun take so.

'Yan sanda suka ɗauki bayaninta, suka kira Mai Sito. Bai musa cewa ta shigo ba. Cewa ya yi da yardarta, wai ta daɗe tana masa ido. Raunukan kuma, ai mai aikin inji da dutsen guga ba ta rabuwa da rauni. Aka bar shi ya koma gida kafin a gama bincike.

"Yanzu maganarki ce da tasa," in ji Lauya. "Mace ɗaya muke nema. Ba sai ta ga abin da ya faru a ciki ba. Ta faɗi yadda kika fito, ta faɗi dalilin da ya sa ake rakiya. In ɗaya ta faɗa, komai zai canza."

Bahaguwa ta koma aiki, don ba ta ga dalilin da zai sa ita ce za ta ɓuya ba. Lokacin hutun rana ta samu Gwaggo a bayan rumfa, tana zaune kan bokitin da aka kife tana shafa man zafi a gwiwa.

"Gwaggo, Manaja zai zauna da mu. Za a kira ki."

"Na ji."

"Gaskiya kawai za ki faɗa."

Gwaggo ta rufe kwalbar man a hankali. "'Yata, jikokina marayu a wuyana suke. In na ce na sani, za a ce me ya hana ni faɗa tuntuni, ni ce babba. Wannan ma ki bar shi. In na faɗi dalilin rakiya, yau ɗin nan kowace a cikinsu mijinta zai tsare ta a ɗaki ya ce, ke ma ya taɓa ki? Kin san mijin Rediyo. Ko direba ta gaisar sai an kwana ana shari'a. Gidaje nawa kike so a rushe?"

"Ni nawa gidan fa?"

"Allah zai saka miki."

"Ke nake tambaya, Gwaggo."

Gwaggo ta tashi ta ɗauki bokitinta.

Ofishin Manaja akwai sanyin na'ura, da babbar taga ta gilashi da ake hango rumfar gaba ɗaya. Bahaguwa na zaune, Lauya a gefenta. Mai Sito ya shigo da sallama, ya gaida kowa har da ita. Rigar jikinsa ma matan ne suka goge masa, kamar kullum.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "tun yaushe nake gidan nan? Akwai wadda ta taɓa kawo ƙarata? Kowa ya san matan nan bibbiyu suke zuwa wurina, ni ban sa su ba, tsarinsu ne. Ita kuma ta jira sai da kowa ya shagala, ta lallaɓo ita kaɗai. A tambaye ta me ta zo nema."

Aka kira Gwaggo. Ta tsaya kusa da ƙofa, hannuwa a baya.

"Gwaggo," in ji Lauya, "me ya sa kuke zuwa sito bibbiyu?"

"Buhunan da nauyi."

"Ƙullin sitaci ma mutum biyu ke ɗauka?"

"Mun saba ne."

"In za ku ɗauko kwandon jiƙaƙƙun tawul, wanda ya fi buhu nauyi, kuna neman rakiya?"

Gwaggo ta dubi silin. "Kowa da yadda ya saba."

"Kun wanke rigarta ranar. Da me ta ɓaci?"

"A gidan wanki komai ɓaci yake yi."

"A yage take?"

"Lungun akwai ƙusoshi."

Sai aka kira Rediyo. Matar da in ta fara labari sai inji ya gama zagaye ba ta gama ba, ta shigo kamar an ɗinke mata baki. Lauya ta sassauta murya.

"Ke kika fara ganin ta da ta fito. Yaya take?"

Rediyo ta buɗe baki. Ta dubi Bahaguwa, ta dubi Mai Sito, wanda ke wasa da makullansa yana murmushi kamar mai jiran a gama a je cin abinci. 

"Zannuwa ne a hannuna. Sun rufe mini fuska."

Manaja ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ya ce shi bai ga hujja ba, 'yan sanda su yi nasu aikin, kamfani ba zai kori mutum a kan zargi ba. Sannan ya gyara zama ya ce, "Amma yau na ji abu mai kyau. Ashe kuna da tsari ban sani ba. Da an bi shi, da duk wannan bai taso ba."

Washegari aka manna takarda a bakin lungun, da hatimin kamfani: daga yau doka ce, ba a zuwa sito mutum ɗaya, duk wadda ta saɓa ita ta jiyo. Abin da mata suka ƙirƙira don tsoron mutum ɗaya ya zama dokar gida, shi kuma mutumin yana nan da makullansa. Bahaguwa aka yi wa gargaɗi a kan saɓa tsari. Ba a daɗe ba aka ce mata aiki ya ragu tun da inji ɗaya ya lalace, ta zauna a gida, za a neme ta.

Wata ranar hutu da hantsi aka yi sallama a gidan Yaya. Rediyo ce, riƙe da jaka. Ta kawo silifas ɗin Bahaguwa da kofinta da ta bari a rumfa.

"Kin ga kofinki, har ya fara kewar ki. Wadda aka ba teburinki kuwa, wallahi in ta goge tawul sai ka rantse akuya ce ta kwana a kai."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ta kawo mata ruwa ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Rediyo ta riƙe kofin ruwan da hannu biyu, ba ta sha ba.

"Shekarar da na zo ya matse ni a lungun," ta ce, idonta a ƙasa. "Na cije shi na gudu. Ni ce na fara cewa a raka ni. Daga ni aka samo abin."

"To zo ki faɗa."

"Maigidana zai ce me ya sa na ci gaba da zuwa aikin. Zai ce ba cizon kaɗai aka yi ba. Kin san shi."

"Ban san shi ba. Ke na sani. Ke kika wanke rigata."

Rediyo ta fashe da kuka. "Don Allah ki yafe mini. Wallahi taimako na ɗauka."

"Na sani. Shi ya sa nake cewa ki zo."

Yaya ta ce, "Ba sai kin fara da 'yan sanda ba. Ki je cibiyar ki zauna da Lauya, ku biyu a ɗaki. Za ta gaya miki abin da zai biyo baya kafin ki yanke shawara. Ke ma akwai mai sauraron ki a can, ba don ƙanwata kaɗai aka buɗe wurin ba."

"A ina yake?"

Yaya ta kwatanta mata: bayan babban asibiti, ƙofa mai koren fenti, ba sai ta faɗa wa mai gadi abin da ya kawo ta ba. Rediyo ta maimaita kwatancen a hankali, ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe.

"Zan duba," ta ce.

Har yau ba ta je ba. Ƙarar tana nan a buɗe wurin 'yan sanda, Lauya na leƙawa tana tambaya, ana ce mata a kawo shaida. Bahaguwa na zuwa cibiyar, tana zama da mai sauraron ta, wani lokaci tare da wasu mata da ba ta taɓa sani ba. Barci ya fara dawo mata kaɗan-kaɗan. Kamfani bai neme ta ba. Ɗanta ya daina tambayar yaushe za ta koma aiki.

Kada ka tsaya zagin Gwaggo da Rediyo, su aƙalla suna da abin da suke tsoro. Kai me kake tsoro? A ce ka cika shisshigi? Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, nemo inda cibiya irin wannan take a kusa da kai, ka riƙe lambar wayarsu. In wata ta zo maka da maganarta, ka yarda da ita, ka tambaye ta me take so, ka taka mata har ƙofar. In kuma akwai wadda ta riga ta kai ƙara tana can ita kaɗai, kai kuwa ka san wani abu, to kai ne shaidar da ake jira. Tashi ka je ka faɗa.